Wayar Jirginku ce ta Kama Mijina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Jirgin Ƙasa,
Babbar Tasha, birnin Salbado, ƙasar Bahiya.

Daga Hauwa'u matar Garba wanzami, mazauniyar Itapagipe.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin wanda talaka ke yi wa mai iko, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukkan waɗanda ke cin abinci a ƙarƙashinka.

Ba ka san ni ba, amma ka san hayaƙina. Ni ce matar nan mai suyar ƙosai a hannun hagu idan ka fito babbar ƙofar tasha, wadda mai tuƙa keken dokinka yake harara kullum, wai ƙaurin manja yana damun dokin. Ban iya rubutu ba. Ni ke faɗa, Malam Sule maƙwabcinmu yana rubutawa, wani kuma zai juya shi zuwa harshenku a kai wa masu jarida. Ba son tonon silili ya sa na bi ta nan ba. Na zo ƙofar ofishinka har mai gadi ya haddace kalar zanena, bai taɓa bari na taka matakalar farko ba.

Ga maganata a dunƙule. Mijina Garba 'yantacce ne, ba bawan kowa ba. An sauke shi daga jirginku saboda wani saƙo da aka buga ta wayar tangarahonku, aka miƙa shi ga mutanen da ba su da haƙƙi a kansa ko na ƙwayar gero. Yanzu haka yana hannun wani dillalin bayi da ke tara mutane a tashoshinku na can sama, zai gangaro da su bakin teku ya loda su zuwa kudu. Waya guda daga bakinka za ta tsayar da shi. Ita nake roƙo, kuma zan jera maka dalilaina don kada a ce tsohuwa ce kawai take sambatu.

Na ɗaya: ko mu su wane ne.

An kawo ni ƙasar nan ina yarinya, ban isa aure ba. Na yi bauta a garin Itapuã wurin masunta, ina dafa kitsen manyan kifayen teku har warin ya zauna mini a fata. A can na haɗu da Garba yana jan taru. Bagobiri ne, ɗan wanzamai, yaƙi ya ci garinsu aka sayo shi. Mun yi shekaru muna zuba adashi da 'yan'uwanmu kafin mu fanshi kanmu, kuma da kwasarsa ta zo, shi ya dage sai an fara fansata, ya ƙara shekaru yana jan igiyar wani. Wannan shi ne mutumin da ake cewa ya gudu daga ubangidansa.

Tun da ya samu kansa ya koma sana'ar gidansu. Yana aski a gindin bishiya kusa da bakin jiragen ruwa, yana yin ƙaho, yana cire haƙori. Rabin 'yan dakon da ke sauke kaya a tasharku shi ke aske musu kai, ka tambaye su. Mutum ne mai sanyin magana, ni ce mai bakin gidan. Harshenku har yau a karye yake a bakinsa, in kuwa ransa ya ɓaci sai ya gudu gaba ɗaya ya bar shi da Hausa tsagwaronta. Ina yi masa tsiya a kan haka, ashe ranar da zai fi bukatarsa tana nan tafe.

Ban kasance mai ƙin wayarku ba. Lokacin da aka kakkafa turakunta a gefen dogo, ni ce na ce Turawa sun yi wa aljanu igiyar shanya, kowa ya yi dariya. Daga baya na saba da ƙas-ƙas ɗinta da nake ji ta tagar ɗakin waya, har nakan yi alfahari ina gaya wa baƙi cewa magana tana riga jirgi isa. Akawun wayar ma, mai gashin bakin nan, cinikina ne na kowace safiya, kuma nakan ƙara masa yaji ba tare da ya roƙa ba.

Na biyu: abin da aka yi masa a tashar bakin gada.

A farkon yankan raken bana, ranar wata Laraba, Garba ya shiga jirgin safe zai je askin sunan jikan wani amininsa da ke zaune a ƙauye can gaba. Jirgin ruwa ɗaya ya kawo su ƙasar nan, kuma a wurinmu wanda kuka sha wannan wahala tare ya zama ɗan'uwa na jini. Ya yanki tikiti da guminsa, ya zauna a taragon talakawa, da zabirarsa ta wanzanci a kafaɗa. Ni da kaina na ƙunsa masa ƙosai mai zafi ya tafi da shi.

Abin da ya biyo baya daga bakin Iya Abike na ji shi, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa da ta zauna kusa da shi. Ta san shi sarai, don Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne tun can gida, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ta ce suna cikin wannan tsokana jirgi ya tsaya a tashar bakin gada, sai ga shugaban tashar da ɗan sanda sun shigo taragon, takarda a hannu, suna leƙa fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Suka wuce kowa suka tsaya a kan Garba, saboda zanen fuskarsa ya fi na kowa fitowa.

Sai suka dubi ƙafarsa. Ka san dokar ƙasar nan, bawa ba ya sa takalmi. Garba yana da takalmi, ni na saya masa, amma ƙafar da ta yi rabin rayuwarta a yashin teku ba ta shiri da fata. Yana matsa masa, don haka da ya zauna sai ya cire ya tura ƙarƙashin benci. Suka buɗe zabira suka ga asake. Shi ke nan, a wurinsu magana ta ƙare.

Garba ya nuna musu abin da ke rataye a wuyansa. Ranka ya daɗe, a nan ne zuciyata ke karyewa duk lokacin da na tuna. Takardar 'yanci takarda ce kawai, gumi yana cin ta, ruwan sama yana jiƙa ta, mun ga wanda tasa ta narke a aljihu aka mayar da shi bauta. Saboda haka mutanenmu suke linke ta su kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata kamar laya, a rataya a wuya. Tasa haka take. Ya yi ta nuna ta yana roƙon a farke ɗinkin a karanta, harshenku ya ƙwace masa, yana ta Hausa. Iya Abike ta fassara musu, suka daka mata tsawa. Tun boren da bayi Musulmi suka yi a unguwar Água de Meninos shekaru masu yawa da suka wuce, ɗan sandan ƙasar nan in ya ga laya a wuyan Musulmi sai ka ce ya ga maciji. Ya fizge ta, ya fita da ita riƙe da yatsu biyu, ya miƙa wa mai zuba gawayi a injin jirginku, aka jefa ta wuta ba a buɗe ba.

Duk taragon ya ɗauki magana, maza da mata, kowa yana cewa wanzamin bakin ruwa ne, an san shi. Shugaban tasha ya duba agogonsa ya ce jirgi ba ya jiran surutu. Da ana jan Garba waje, ya juyo ya miƙa wa Iya Abike zabirarsa ya ce mata: "Ki gaya wa Hauwa kada ta ta da hankalinta, kuskure ne, gobe ina gida." Washegari da yamma ita ce ta shigo mini da zabirar da takalman, ba shi ba.

Na uku: abin da wayar ta faɗa.

Na je tagar ɗakin waya na roƙi akawu ya karanta mini saƙon da ya kama mijina. Ya yi ta noƙe-noƙe, daga baya ya karanta. Ga shi nan duka, ban rage komai ba: bawa ya gudu, baƙi, ɗan Afirka, zane a fuska, a kama.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka leƙo ta tagarka ka dubi masu ɗaukar kaya a farfajiyar tasha. Wane ne a cikinsu ba baƙi ba? Wane ne a cikin waɗanda aka haifa a ƙasarmu ba shi da zane? Da wannan saƙo ai rabin birnin nan za a kama, har da ni mai maganar.

Zanen fuska a wurinmu ba tabon rauni ba ne, ba kuma alamar mutum ɗaya ba ce. Shaidar gari ce, wanzami ke yi wa jariri don a san inda ya fito. Na Garba irin na Gobirawa ne, sirara masu yawa da suka taso daga gefen baki suka baje zuwa kunne. Wanda ya gudu kuwa, kamar yadda na ji daga baya a gandun da ya bari, Bayarabe ne, irin waɗanda kuke kira Nago, da tsaga uku gajeru a kowane kunci, kuma ƙarfinsa bai fara raguwa ba, alhali Garba furfura ta gama cin gemunsa. Mutum biyun nan ko a duhu ba sa kama da juna.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ɗan aiken mai gandun ya kawo bayanin nan cikakke, da yawan tsagar, da shekarun, har da tabon ƙuna a hannu. Akawu da bakinsa ya gaya mini. Amma akwai umarni daga ofishinka cewa saƙon da ba na tafiyar jirgi ba a taƙaita shi iya taƙaitawa, don kada a tare wa jirage layi. Sai ya bi umarni, ya datse, ya bar abin da a ganinsa ya isa. A idonsa zane zane ne. Kalmomin da ya zubar don ya sauƙaƙa wa wayarku, su ne da sun bar mijina ya isa wurin suna.

Na huɗu: yadda na roƙi wayar nan ta gyara ɓarnarta.

Ban zauna ina kuka ba, ko da yake na yi kukan. Akwai kofen takardar 'yancinsa a ofishin da aka rubuta ta, na je na karɓo da hatiminta. Na dawo tagar waya da gudu, zanena yana warwarewa, na ce to, ga shaida, a buga wa tashar bakin gada a ce wanda aka kama ba shi ba ne. A raina na ɗauka an gama. Abin da ya tafi cikin ƙiftawar ido ya kama mutum, ai cikin ƙiftawar ido zai tafi ya sake shi.

Akawu ya sunkuyar da kai ya ce ba zai iya ba. Wai wayar kamfani daga hannu uku take karɓar saƙo: ma'aikatan jirgi, da 'yan sanda, da manyan mutane da aka san sa hannunsu. Ni ba na cikin ukun. Na tafi wurin 'yan sanda, suka ce wanda ya nemi a kama shi ne zai nemi a saki, in je in samo mai gandun. Na ce mai gandun yana can inda wayar za ta je, suka ce to in koma tasha. Na koma tasha aka ce sai da izinin sama. Na zo sama, mai gadinka ya nuna mini hanya da sanda. Haka na yi ta safa da marwa kwana da kwanaki, takarda a ƙirjina, turakun waya suna tsaye a kaina.

A cikin kwanakin nan ne na ga abin da ba zan manta ba. Ina tsaye a bakin tagar, wata baiwar Allah matar wani attajiri ta sauko daga jirgi tana salati irin nasu, wai ta manto kejin tsuntsunta, wani aku, a wata tasha. Kafin ta gama share hawaye akawu ya hau bugu. Da jirgin yamma ya iso, ga aku nan a hannun ma'aikacinku, an ma ba shi ruwa a hanya. Ban yi mata baƙin ciki ba, tsuntsunta ne, tana son abinta. Amma wallahi a ranar na zauna a ƙasa a gaban mutane na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka raba ni da uwata.

Akawun bai ƙara zuwa sayen ƙosai ba, ta ƙofar baya yake shiga yanzu. Ban tsine masa ba. Shi ma ɗan aike ne, abin da aka ɗora masa yake saukewa. Mai dokar nake nema, shi ya sa nake magana da kai.

Na biyar: abin da na tarar da na bi sawu.

Da na ga waya ba za ta je ba, na kashe wutar kaskona na shiga jirgi da kaina. A tashar bakin gada na nuna wa shugaban tashar kofen takardar. Ya karanta, ya mayar mini, ko a jikinsa. Ya ce shi aikinsa ya yi, waya ta ce a kama, ya kama. Ya ce tun washegarin kamun ya miƙa mutumin ga sarkin gandun da ya zo nema, ya kuma ba shi 'yar takardar shaida da hatimin kamfani, cewa an kama bawan wane a jirgi bisa saƙon waya. Sarkin gandun nan sabo ne, bai ma san fuskar wanda ya gudun ba.

Na taka da ƙafa zuwa gandun raken, tafiya ce mai nisa cikin rana. Ba a bar ni na ga mai gandun ba. Wani a bakin ƙofa ya ce mini ba su da wani 'yantacce a nan, in kama gabana. Ina juyowa zan tafi, ina magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya, sai na ji an amsa mini da Hausa daga wajen matsar rake. Wata tsohuwa ce, baiwa a gidan, Gwaggo Tabawa, ta ce rabonta da jin harshen nan a bakin mace har ta manta. Ta ja ni bayan tarin ɓawon rake ta gaya mini komai.

Ta ce ranar da aka kawo Garba, kafin a tambaye shi ko sunansa, aka ɗaure shi a turke aka yi masa hukuncin da ake yi wa gudajjen bawa, a gaban kowa, don ya zama darasi. Duk bayin gidan sun faɗa cewa ba shi ba ne, aka ce bakinsu ɗaya. Ita ta wanke masa bayan, ta shafa masa ganye. Ta ce bai yi ihu ba, sunan Allah kawai yake kira. Da mai gandun ya dawo daga tafiya aka fito masa da shi, kallo ɗaya ya yi masa ya gane ba nasa ba ne. Amma bai sake shi ba. Ya yi asarar bawa, ga wani an kawo masa har gida, ga shaidar kamfanin jirgi tana cewa nasa ne. Da dillalin bayi ya biyo ta wurin, sai ya sayar da shi da sunan wancan, ya haɗa da 'yar takardar tasharku a matsayin hujja.

Ka ji, ranka ya daɗe. Takardarsa ta gaskiya injinku ya cinye ta, ta ƙarya kuma hatiminku ke kanta. Ban san yadda za a ce babu hannun kamfaninka a cikin wannan ba.

Gwaggo Tabawa ta ce da ƙyar yake taka ƙasa ranar da aka tafi da shi. Ta ce dillalin ya nufi tashoshin sama yana ƙara sayen mutane, in ya cika adadinsa zai zuba su a rufaffen tarago ya gangaro bakin teku, daga nan sai jirgin ruwa zuwa gonakin kofi na kudu. Duk wanda na sani da aka kai can, ko labarin mutuwarsa bai dawo ba. Ban san sunan dillalin ba, ban san tashar da yake ba. Ƙafata ba za ta iya zagaye su duka ba, kuma duk inda na isa sai a ce jiya ya wuce.

Na dawo na sake hura wutata a bakin ƙofarku, ba don ciniki ba, don daga nan ina hango inda taragun kaya ke tsayawa. Duk rufaffen taragon da ya shigo, sai in bar kasko a wuta in ruga in bi gefensa ina kiran sunansa ta ramukan katako. Masu gadi sun kore ni, sun ture ni, yanzu sun gaji sun koma yi mini dariya. Wani lokaci akan amsa daga ciki, amma ba muryarsa ba. Ƙosai yana ƙonewa, masu saye sun ragu, ni kuwa ko oho.

Na shida: abin da nake roƙo.

Ba diyya nake nema ba, ban kuma ce a kori kowa daga aiki ba. Ina roƙo ka hana a sake sauke mutum daga jirgi don kawai an ce yana da zane a fuska. Ina roƙo in mutum ya nuna abin da ke wuyansa ya ce shaidarsa ce, a sa wuƙa a farke a gani kafin a yanke masa hukunci. Ina roƙo kuma duk wanda wayarku ta yi magana a kansa, a ba shi ko danginsa damar mayar da amsa ta cikinta, ko da ba su iya sa hannu ba. Waɗannan don na baya ne, kana iya yin shawara a kansu a tsanake.

Wanda ba ya jira shi ne wannan. Ka sa a buga waya yau zuwa kowace tasha a kan dogon nan, daga bakin teku har inda ƙarfen ya ƙare, cewa kada a loda wani rufaffen tarago na mutane sai an buɗe an duba. Kuma a wannan karon kada akawu ya datse ko kalma ɗaya. In layin zai tsaya, ya tsaya. Ga abin da za a faɗa:

Ana neman wani dattijo 'yantacce da aka kama bisa kuskure. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka saboda jan taru. Babu ɗan yatsansa na ƙarshe a hannun hagu, igiyar jirgin masunta ta cire shi. Akwai baƙin tabon sujada a goshinsa. Bayansa da sababbin raunuka, a taɓa shi a hankali. A takardar 'yancinsa sunansa Juwakin, amma kada a kira shi da shi, ba zai waiwayo ba. A tsaya a bakin taragon a ce Garba, a ce Hauwa ce ta aiko.

Kofen takardarsa yana wurina, duk wanda ka turo zai same ni a bakin ƙofa daga fitowar rana har faɗuwarta.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi a bakina. Na san yadda aka bar bayansa, na san shekarunsa, na san tafiyar ƙasa cikin sarƙa. Ba yarinya ba ce ni. Mai yiwuwa wayar ta isa ta tarar babu wanda za a saki. A addininmu, matar da mijinta ya rasu tana shiga takaba, ta zauna a ɗaki wata huɗu da kwana goma, ta yi masa addu'a, 'yan'uwa su taru a yi masa sadaka. Na tambayi Malam Sule ko in fara, ya ajiye alƙalami ya ce ba a yi wa mai rai takaba, ba a kuma shiga ta da zato, sai an tabbatar. To ga ni nan, ban san ko matar aure ce ni ko gwauruwa ba. Ba na iya yi masa addu'ar matattu kada in yi masa mugun fata, in kuma na yi masa ta masu rai sai in ji tsoron ko yana kwance a wani rami ba wanka ba sallah, yana jiran addu'ar da na hana shi. Idan ya mutu a hanya, ka sa a tambayi tashoshinka, wani ya ga inda aka ajiye shi. A bugo a gaya mini. Wannan saƙon ko an taƙaita shi zan gane.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare jiragenka daga haɗari, ya kai fasinjojinka gidajensu lafiya. Allah ya raya maka 'ya'yanka a gabanka. Allah kada ya nuna wa uwargidanka ranar da za ta tsaya a bakin ƙofar wani tana tambaya ko mijinta yana da rai.

Ni ce mai jiran amsarka,
Hauwa'u matar Garba wanzami.

Wassalam.